Daga Ruwan Bagaja Zuwa Littattafan Soyayya: Ra'ayin Wani Makaranci Ɗan Zango



Duk inda aka zauna ana hirar littattafan Hausa a zangunanmu, daga Kumasi har Tamale, daga Nima har Sabon Zango, maganar kan rabu gida biyu. Dattawa, musamman waɗanda suka taɓa zama a Najeriya ko wani ɗan uwa ya riƙa kawo musu tsarabar littafi daga Kano, sukan ce rubutu ya ƙare tun daga kan Abubakar Imam, abin da ya biyo baya shirme ne na 'yan mata. Matasa kuwa, waɗanda mata suka fi yawa a cikinsu, masu sauraren labarai a waya ko karanta su a WhatsApp, sukan ce littattafan da tatsuniyoyin aljanu da sarakuna ne, ba su da abin faɗa wa mutumin yau. Na karanta na da, na kuma karanta na baya gwargwadon abin da ya iso hannuna, kuma a ganina kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya ya saki rabi. Littattafan farko labarin hanya suka ba mu, wato abin da ke samun namiji idan ya bar gida. Na baya suka shigar da mu cikin ɗaki, suka nuna mana halin wadda aka bari a gidan. Mu da kakanninmu suka zo ƙasar nan ta hanyar fatauci, iyayenmu mata kuma suka riƙe mana harshen a ɗaka, ba mu da dalilin watsar da ko ɗaya. Amma kafin hukunci sai a ji yadda abin ya faro.

GASAR 1933

Hausawa sun daɗe da rubutu kafin zuwan Turawa. Malamai sun yi ƙarnoni suna rubuta Larabci, sun kuma rubuta waƙoƙin wa'azi da na madahu da ajami, musamman daga zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da 'yarsa Nana Asma'u. Abin da ba a saba gani ba shi ne malami ya zauna ya ƙagi labarin da bai faru ba, ya rubuta shi a zube, don kawai mutane su karanta su ji daɗi. Wannan aikin tsofaffin mata ne da dare, yara na kewaye da su, kuma da baki ake yin sa.

A 1933 wani Baturen ilimi mai suna Rupert East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya, wadda ta koma Hukumar Talifi, ya lura makarantun boko suna yaye ɗalibai amma ba su da abin karantawa da Hausa in ban da littattafan aji. Sai ya zagaya manyan garuruwan Arewacin Najeriya yana neman malamai su rubuta labarai masu tsawo, ya sa gasa. Shi da kansa ya bayyana daga baya cewa babbar wahalar da ya sha ita ce shawo kan malamai su yarda ƙagen labari ba zubar da girma ba ne, don a wurinsu tatsuniya ta mata da yara ce. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri tsakanin 1934 da 1935: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida Umaru ya rubuta tare da East.

A lura da abu biyu game da wannan haihuwa. Dukan marubutan maza ne, don a lokacin boko bai kai ga mata ba sai ƙalilan. Sa'annan hukumar mulkin mallaka ce ta nemi littattafan, ita ta gyara su, ita ta buga su, ita ta raba su makarantu. Labari ya tashi daga tabarmar tsohuwa ya koma teburin malamin makaranta, kuma ya yi kusan shekara hamsin a can kafin ya komo hannun mata.

ABIN DA NA GANI A LITTATTAFAN FARKO

Imam yana ɗan shekara 22 ya rubuta Ruwan Bagaja, kuma ƙuruciyar tana bayyane cikin littafin ta fuska mai kyau. Alhaji Imam ya bar gida neman wani ruwa na magani don ya wanke mijin mahaifiyarsa daga wulaƙancin da aka yi masa a fada, amma ba neman ruwan ne ke riƙe mai karatu ba. Haɗuwarsa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman gari bayan gari, wannan ya damfari wancan, wancan ya rama, ita ce zumar littafin. Wanda yake so ya ji yadda Hausa ke gudu ba tuntuɓe, ya ga yadda ake ba'a ba tare da zagi ba, to nan zai fara. Imam bai ɓoye cewa ya ɗebo wasu dabarun daga Muƙamatul Hariri ba, kamar yadda ya ɗebo labaran Magana Jari Ce, wadda ta fito kashi uku tsakanin 1937 da 1939, daga Alfu Laila wa Laila da tatsuniyoyin Indiya da na Turai. Sai dai ya sa musu riga da hula har ba mai cewa baƙi ne. A riƙe wannan batu na aro, za mu komo kansa.

Ganɗoki rabi ne tarihi, rabi mafarki. Rabin farko, inda jarumin ke gwabzawa da sojan Turawa, ya bi Sarkin Musulmi Attahiru a hijirarsa zuwa gabas, yana da zafi irin na wanda ya ji labarin daga bakin waɗanda suka gani da ido. An kashe Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har Sudan, inda suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Saboda haka 'yan uwanmu Hausawa da Fulanin Sudan, idan suka karanta waɗannan shafuka, hanyar kakanninsu suke bi. Rabin na biyu, inda Ganɗoki ya shiga ƙasashen aljanu yana kashe dubbai, ya fi mini kama da kirari da aka ja ya yi tsawo. Ƙarshen littafin kuma, inda jarumin ya komo gida ya sami zaman lafiya ƙarƙashin waɗanda ya yaƙa, ya sallama, yana tuna mini wanda ya biya kuɗin bugawa.

Shaihu Umar shi ne gwanina a cikin biyar ɗin. Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Najeriya har aka kashe shi a Janairun 1966, ya rubuta shi yana matashin malamin makaranta a Bauchi. Babu aljani a ciki, babu dariya. Malami ne a Rauta yake ba almajiransa labarin rayuwarsa: yadda makirci a fada ya kori Makau mijin mahaifiyarsa, yadda aka sace shi yana yaro, yadda Balarabe Abdulkarim ya ƙetara Sahara da shi ya rene shi ya ba shi ilimi. Abin da ba ya barin zuciyata shi ne uwar. Ta fita neman ɗanta, ita ma aka kama ta aka sayar, ta bi rairayi har Murzuk da Tarabulus, ba ta gan shi ba sai da ƙarfinta ya ƙare, ta gan shi ta cika. Duk wanda aka haifa a zango ya san gidan da kakarsu ta rasu tana ambaton wani gari da ba ta sake gani ba. Abin da ke damuna da littafin shi ne natsuwar da Shaihun ke ba da labarin cinikin bayi da ita, kamar yana maganar fari ko ambaliya, abin da Allah Ya ƙaddara babu mai laifi. Marubucin ya bar wa mai karatu ya yi fushin da kansa. Wasu na ganin wannan gwaninta ce, ni kuwa ina ganin har da taka-tsantsan na ɗan shekara ashirin da 'yan kai da ke rubutu ƙarƙashin idon sarakuna da Turawa. An juya littafin zuwa Ingilishi a 1967, Adamu Halilu kuma ya mai da shi fim a 1976.

Jiki Magayi shi ne littafin da nake roƙon masu raina labaran soyayya su sake karantawa. Abubakar na son Zainab, attajiri Malam Shaihu ya shiga tsakani da dukiyarsa ya aure ta, Abubakar ya bazama neman sihirin ramuwa, sihirin ya faɗa kan ɗan da aka haifa, Kyauta, ya zama ɓarawo har ya kashe mahaifinsa bai sani ba. Ga soyayya, ga kuɗi sun raba masoya, ga alhaki ya bi gida, tun shekarun 1930, kafin Bahaushe ya san fim ɗin Indiya. Ashe abin da ake cewa baƙo ne ya shigo daga baya, yana kwance cikin littattafan da ake yi wa kallon tushe.

SHEKARUN TSAKIYA

Bayan waɗannan, ƙagaggen labari ya ci gaba da tafiya a hankali, kullum a hannun hukuma. An kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, hukumar NORLA ta yi aiki a shekarun 1950 lokacin yaƙi da jahilci, kamfanin NNPC ya gaje su a 1966. A wannan tsakani aka sami Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda asalinsa labarin wani jarumin Rasha ne, da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya kai yaron Hausa sararin samaniya a 1969, da Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, mai jan kunnen samarin ƙauye game da ruɗin birni. Kusan dukansu tafiya ce, kuma namiji ne matafiyin.

Alamar canji ta bayyana a 1980, lokacin da NNPC ta buga littattafan da suka ci wata gasa tata: Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. Wannan na ƙarshe shi ne ƙagaggen labarin Hausa na farko da mace ta rubuta aka buga, shekara 46 bayan Ruwan Bagaja. Labarin Boɗaɗo ne, Bafulatana da ta dage sai ta auri wanda take so ko da ba ɗan ƙabilarta ba ne. Wata gasar ta gwamnatin tarayya ta samar da Turmin Danya da Tsumangiyar Kan Hanya da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, waɗanda aka buga a 1982. Littafin Gagare, mai cike da makamai da ta'addanci bayan yaƙin basasa, a ganina yana cikin mafi ƙarfin abin da aka rubuta da Hausa, kuma abin takaici ne yadda bai zagaya zangunanmu ba kamar na Imam.

LOKACIN DA KASUWA TA KARƁI ALƘALAMI

Ruwa ba ya tsami banza. A 1976 Najeriya ta buɗe ilimin firamare kyauta ga kowa, yara masu ɗimbin yawa, har da mata, suka koyi karanta Hausar boko. Sa'ad da suka girma, tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sa takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka taƙaita ga littattafan jarrabawa. Ga masu karatu birjik, ga babu abin karantawa. Sai matasan Kano suka daina jiran kowa. Mutum ya rubuta labarinsa a littafin makaranta, ya kai a buga masa a ƙaramar maɗaba'a da kuɗin aljihunsa, ya kai wa 'yan kasuwar Sabon Gari su sayar. Ana fitar da labari kashi-kashi, kuɗin na ɗaya shi ke buga na biyu. Littafi guda kan zagaya gidaje da yawa, har aka sami masu ba da haya, gidajen rediyo kuma suka shiga karanta su ga waɗanda ba su iya karatu ba. Wasu daga cikin marubutan suka kafa ƙungiya suka sa mata suna Raina Kama, kuma duk Bahaushe ya san abin da ke biye da waɗannan kalmomi biyu.

Cikin waɗanda suka yi fice akwai Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a farkon shekarun 1990, inda Sumayya 'yar masu hali ta gwammace rijiya da a raba ta da Muhammad talaka, da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa. Daga cikin waɗannan marubuta ne wasu suka shiga shirya finafinan bidiyo, kuma da yawa daga cikinmu a nan ta kaset muka fara sanin labaran kafin mu ga littafin.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammed. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana 'yar shekara goma sha 'yan kai, daga baya ta koma ta nemi ilimi da kanta. A Wa Zai Auri Jahila? ta ba da labarin Abu, yarinyar da aka hana karatu aka ɗaura wa tsoho, ta gudu ta yi ilimi har ta zama ma'aikaciyar jinya. A Alhaki Kuykuyo Ne na 1990 kuwa babu ma budurwa a tsakiyar labarin. Rabi ce, uwar 'ya'ya tara, wadda mijinta Alhaji Abdu ɗan kasuwa ya kora saboda amarya, ta koma sayar da abinci ta ciyar da yaranta ta aurar da 'yarta. Da gobara ta cinye dukiyar Alhajin, amarya ta watse, sai dangi suka taru suka matsa wa Rabi ta komo ta yi jinyarsa. Marubuciyar ba ta ce wannan adalci ne ba, ba ta kuma ce zalunci ne ba, ta ajiye shi gaban mai karatu yadda yake faruwa. Ban san wata unguwa a zango da babu Rabi a cikinta ba. Ita ce mai waken da ke bakin titi tun asuba, ita ce mai kokon da kuɗinta ya kai yaro jami'a. Littattafan 1934 ba su gan ta ba, don idonsu na kan hanya. An juya wannan littafi zuwa Ingilishi, Aliyu Kamal ya yi fassarar, wani kamfani a Indiya ya buga shi a 2012.

MUHAWARA DA WUTA

Masana ba su karɓi wannan sabon rubutu hannu biyu ba. Ibrahim Malumfashi ya kira shi Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta shi da 'yan ƙananan littattafan kasuwar Onitsha da suka yi tashe suka mutu, yana ganin shi ma haka zai ƙare. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da wasu suka tsaya masa, Ibrahim Sheme ya buɗe musu filin jarida, aka yi shekaru ana fafatawa a shekarun 1990. Malaman addini da iyaye su ma suka yi ta kuka cewa littattafan na koya wa 'yan mata bijirewa. A 2007 maganar ta kai ga gwamnatin Kano ta lokacin Malam Ibrahim Shekarau, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, ta ƙona littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata a bainar jama'a, daga baya kuma hukumar tace finafinai ta jihar ta nemi marubuta su yi rajista.

Wuta ba ta kashe rubutun ba. Abin da ya rage kasuwar takarda waya ce. Yau labaran sun koma Facebook da WhatsApp da Wattpad, ana karanta su da murya a YouTube, kuma tun 2016 sashen Hausa na BBC ke shirya gasar Hikayata ta mata zalla. Tatsuniyar da aka karɓe daga hannun mata a 1933 ta komo musu, da alƙalami wannan karon.

MA'AUNINA

Ba na auna littafi da wanda ya buga shi, ko da shekarunsa. Abin da nake tambaya shi ne, shin Hausar da ke ciki tana da rai, kuma in na rufe littafin akwai mutumin da ya rage tare da ni? Da wannan ma'auni Malam Zurƙe ya tsira, uwar Shaihu Umar ta tsira, Rabi ma ta tsira, suna zaune layi ɗaya. Idon Matambayi kuwa, duk da yana cikin biyar na farko, ban riƙe kowa daga cikinsa ba. Tsufa kaɗai ba ya mai da littafi gwani.

Masu sukar littattafan kasuwa suna da hujjojin da ba zan musa ba. Da yawa an rubuta su cikin gaggawa, babu mai dubawa, ƙa'idar rubutu ta tarwatse. Sai a cinye shafi uku ana siffanta mota da falo da leshi. Yarinyar kullum fara ce mai dogon gashi, matsalarta kuma ba ta warwaruwa sai wani mai kuɗi ya bayyana. Ana jan labarin da ya isa kashi ɗaya har kashi huɗu don ciniki. Wasu na intanet a yau sun tsallaka zuwa batsa tsagwaronta, abin da ba na so 'yata ta karanta. Amma a tuna littattafan farko guda biyar ne, an zaɓo su daga cikin waɗanda aka aiko, edita ya zauna a kansu ya tace. Na kasuwa dubbai ne, babu mai tacewa sai mai saye. In aka ɗauki biyar mafi kyau daga cikin dubban nan aka ajiye kusa da biyar na 1934, ba za su ji kunya ba.

Zargin aro daga finafinan Indiya shi ma gaskiya ne a wurare da yawa. Sai dai wanda ya yafe wa Imam aro daga Bagadaza da Jamus, ya yafe wa Ingawa aro daga Rasha, da wane baki zai hana 'yar Kano aro daga Bombay? Abin dubawa shi ne ko an ɗinka wa baƙon rigar gida, ko an bar shi da kayan da ya zo da su. Imam ya iya ɗinki. Wasu 'yan kasuwar sun iya, wasu ba su iya ba.

MU FA?

A nan maganar ta zo kanmu. Hausa ba ta cikin harsunan da Hukumar Harsunan Gana ke buga littattafai da su, kuma yaranmu a makarantun gwamnati Twi ko Ga ko Dagbani suke koyo. Suna jin Hausa a gida da masallaci da kasuwa da rediyo, amma ka miƙa wa ɗan sakandare shafi guda ka ga yadda zai yi ta tuntuɓe a kan ƙ da ɗ da ɓ. Harshen da ake magana da shi ba a karanta shi, kalmominsa kan riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, ba a farga ba sai an nemi kalma a rasa. Gardamar wane littafi ya fi wane ba ta da amfani a gidan da babu mai iya karanta ko ɗaya.

Abin ya fi ciwo idan aka tuna ƙasar nan ba baƙuwar rubutun Hausa ba ce. A nan Malam Shaihu ya rubuta tatsuniyoyi da labaran al'adu da ajami, waɗanda R. S. Rattray ya buga cikin kundi biyu a 1913, shekara ashirin kafin gasar Zariya. A nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna a Salaga, ya koma Kete Krachi bayan yaƙin Salaga na 1892, ya rubuta waƙoƙi da tarihin ƙasashen Hausa da bayanin sana'o'insu a zube. Ya rasu a 1934, shekarar da Ruwan Bagaja ta fito. Alƙalamin da ya ajiye har yau yana jiran mai ɗauka.

Labaran kuwa ga su nan jibge. Ayarin goro tsakanin Kano da Gwanja, da jakuna da madugai. Hausawan da Turawa suka ɗauka soja suka yaƙi Asante da su, suka zauna suka auri 'yan ƙasa. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969, da ta raba gidaje cikin mako biyu, da korar da Najeriya ta yi a 1983 da ta juyo da wasu. Yarinyar da uwarta Bafantiya ce ubanta Bakano, ana tambayarta ita wace ce a can da nan. Da Ingilishi an fara taɓa wannan taska: Mohammed Naseehu Ali, ɗan Kumasi, ya fitar da The Prophet of Zongo Street a 2005, Ayesha Harruna Attah kuma ta rubuta The Hundred Wells of Salaga a 2018. Sun yi ƙoƙari, Allah Ya saka musu. Amma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma tsohuwar da labarin ya shafa ba ta jin Ingilishi.

Na san abin da ke hana wasunmu. Kanawa kan yi mana dariya don ba mu cika rarrabe "ne" da "ce" ba, kuma Hausarmu ta sha ruwan Twi da Ingilishi. Darasin 'yan kasuwar Kano a nan yake: su ma an yi musu dariya, ba su jira izinin jami'a ba, suka rubuta, gwanaye suka fito daga cikinsu. Mai ba da labari ya yi ƙoƙarin bin daidaitacciyar Hausa don a karanta shi a Zariya da Maraɗi da Garwa, amma ya bar mutanen cikin labarin su yi magana yadda ake yi a Aboabo da Nima. Darasin Imam da Ɓalewa kuma shi ne a zauna a kan jimla har ta daidaita, a ba wani ya duba kafin a saki.

Shawarata ga iyaye ita ce a fara da kunne. A karanta wa yara Magana Jari Ce da dare, labari ɗaya ya isa, sa'annan a miƙa musu littafin su gwada sakin layi guda. Wanda ya tasa a ba shi Ruwan Bagaja, a bi masa da Shaihu Umar. Budurwar da ke sauraren labaran waya kada a ƙwace wayar, a nemo mata Balaraba da Hafsat Abdulwaheed a takarda, a zauna a tattauna abin da ta karanta. Dattijon da ya rantse ba zai taɓa littafin soyayya ba kuwa, a ba shi aron Alhaki Kuykuyo Ne na kwana uku, a ji abin da zai ce game da Alhaji Abdu.

Allah Ya jiƙan magabatan da suka rubuta mana, Ya ƙara wa na raye basira, Ya fitar da marubuta daga cikin 'ya'yanmu.